Kujerar da aka ajiye mini a Ƙofar Kaura

Na yi shekaru masu yawa a Katsina, na ga daɗi na ga wuya, kuma yanzu da girma ya fara zuwa abubuwa da dama sun soma shige mini. Amma akwai abu guda da na san ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Shi ne ranar da wani malamin unguwarmu ya tako har ƙauyenmu a kudancin Kaduna, a lokacin da kowa ke gudun hanyar, don kawai ya faɗa mini ana jirana a wurin taro.

Ni tela ce. Mijina akawu ne a sakatariyar jiha, aikinsa ne ya kai mu Katsina. Muka kama haya a Ƙofar Kaura, ɗaki biyu da 'yar baranda inda na ajiye keken ɗinkina. Mu Kirista ne, kuma a lungunmu daga mu sai wani iyali 'yan Filato. Yawancin matan unguwar ba sa fita da rana, saboda haka ni ke bin su gida gida da tef a wuya, in auna su, in koma in ɗinka, in kai musu. Da haka na san kusan kowane tsakar gida a unguwar. Na san mai ciki, na san mai goyo, na san wadda ta yi ɓari ba ta faɗa wa kowa ba sai da na ga rigar da na ɗinka mata ta yi mata yawa. Kowa Madam yake ce mini, har tsofaffi.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki wata ƙungiyar agaji ta shigo unguwarmu. Ba irin manyan nan masu fararen motoci ba ce. Ofishinsu ɗaki biyu ne a wajen Ƙofar Sauri, da babur guda ɗaya da suke karɓa-karɓa. Jami'in da ke riƙe da aikin ɗan Gobarau ne, tsohon malamin makaranta, mutum mai sanyin magana. Shi ya bayyana mana cewa masu ƙungiyar wasu dattawa ne a wata ƙasar Turai, amintattu ake ce musu, ba a biyansu ko kwabo, su ke bin maƙwabtansu da abokansu suna tara taimako. Ɗaya daga cikinsu, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, takan zo sau ɗaya a shekara. In ta zo a tabarma take zama tare da mu, ta saurara, a fassara mata, amma ba ta da ƙuri'a a kan komai. Shi ma jami'in ba shi da ita.

Wannan maganar ta ƙuri'a ita ta fara ba mu dariya. A taron farko, a ƙofar gidan mai unguwa, jami'in ya ce, "Ba mu zo da aiki a aljihu ba. Ku za ku faɗi abin da ya fi damunku, ku za ku zaɓi masu kula da shi, mu namu mu taimaka." Wani dattijo ya ce masa, "Ɗana, in abu za ku ba mu, ku ba mu mu gode. Wannan tambaye-tambayen na mene ne?" Ban ga laifinsa ba. Mun daɗe ƙarƙashin mutanen da ba sa tambaya. In an ga dama a zo da mota a kafa abu a tafi, in ba a ga dama ba shi ke nan. Ba mu saba a ce mana mene ne ra'ayinku ba.

Aka raba taron biyu. Maza suka ci gaba a ƙofar gidan mai unguwa, mu mata muka taru a gidan wata Hajiya mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, dattijuwa da mijinta ya rasu, mai faɗin tsakar gida da kaifin baki. Aka jera ƙore, kowace ƙwarya da abin da take nufi, aka ba kowa tsakuwa ya jefa inda ransa ya fi so. Maza suka fi karkata ga kwalbati, don ruwa na cin lungunanmu da damina. Mu kuwa ƙwarya ɗaya muka kusa cikawa: ɗakin awon ciki da ungozoma a cikin unguwa. An sha gardama kafin babban taron unguwa ya amince da namu, amma ya amince.

Babban taron ne kuma ya kafa dokokin kwamitin da zai kula da aikin. Dole a sa mata. Dole a sa mutum ɗaya daga masu haya, ba masu gida kaɗai ba. Mai riƙe da muƙamin siyasa ba zai shiga ba. Wanda kuma ya yi fashin zama uku a jere, kujerarsa ta faɗi. Ni ma na ɗaga hannu a kan wannan ta ƙarshe, don na ga ta yi daidai.

Da aka zo zaɓe mata suka ce ni suke so. Ban zata ba. A nan ne Malam ya yi magana. Malam shi ne limamin masallacin lungunmu, yana kuma karantar da magidanta a zaurensa bayan la'asar. Doguwar fuska gare shi, ba ya yawan dariya. Ya ce, "Ban ƙi Madam ba, mutuniyar kirki ce, kowa ya shaida. Amma baƙuwa ce, gobe a canja wa mijinta wurin aiki ta tahi. Kuma addini ba ɗaya ba. Ta yaya za ta yi magana da bakin matanmu?" Hajiya daga cikin zaure ta ɗaga murya ta ce, "Malam, abin da muke hwaɗa wa yarinyar ga ko mazanmu ba mu hwaɗa masu. Ita muka zaɓa." Jami'in ya ce a hankali, "Allah gafarta Malam, kujerar mata ce, kuma mata sun zaɓa. Ni ba ni da ikon cire ta." Shi ma Malam maza suka zaɓe shi. Daga nan muka riƙa zama tare a kwamiti. In na gaishe shi yakan amsa da kyau, har ya tambayi maigida da yara, amma ban taɓa jin ya ce Madam me kika gani ba.

Aiki ya tafi daidai har muka zo kan inda za a yi ginin. Fili biyu aka samu. Ɗaya wani kango ne a cikin lungu, bayan zauren Malam, magada suka ce sun bayar. Malam da mutanensa nan suke so, don mace za ta je ta dawo ba tare da ta fita bakin titi ba. Ɗayan a bakin titi yake, sabon kansilanmu ne ya bayar, wani matashi da ke ɗokin a ga ya yi wa mazaɓarsa wani abu. Kwamiti ya rabu biyu daidai, sai ni kaɗai ban faɗi nawa ba. Na ce a ba ni lokaci in zaga in ji daga bakin matan, tunda su suka aiko ni. Aka ce to, sai zama na gaba.

Ban kai ga zagawar ba rikici ya ɓarke a garin Kaduna. A rediyo muka fara ji, daga baya wani direba ya kawo mana labarin da ya fi na rediyo zafi. Ƙanina, wanda ke bi mini, makanike ne a can. An kashe shi a hanyarsa ta komawa gida daga gareji. A unguwarmu babu wanda ya taɓa mu, ko kallon banza ban gani ba, amma jita-jita ta cika gari. Iyalin nan 'yan Filato suka kwashe kayansu. Mijina ya ce shi aiki ya riƙe shi, amma ni da yara mu tafi gida. Na lulluɓe kekena da tsohon zane, muka fita da sassafe. Ban yi sallama da kowa ba, ko Hajiya.

Ƙauyenmu yana gindin dutse ne, ƙasar citta da acca. Na tarar da gidanmu cike da masu makoki, kuma ba gidanmu kaɗai ba, gidaje da dama an kawo musu irin wannan labari. Mahaifiyata ta daina cin abinci. Samari suka tare hanyar shiga gari da itatuwa, kowa da abin da ya riƙe. Ni kuwa zuciyata ta bushe. Na ce wa kaina na gama da Katsina, in mijina ya samu canji ya same mu, in bai samu ba ya riƙa zuwa. Maganar ɗakin awo ko tuna ta ban yi ba. Haka watanni suka shuɗe.

Abin da ya faru a bayana daga bakin Hajiya da jami'in na ji shi daga baya. An yi zama uku babu ni. Masu son filin bakin titi suka tashi suka ce doka ta yi aikinta, kujerar Madam ta faɗi, a cike ta. Har sun tanadi wata 'yar'uwar kansila. Jami'in ya ce musu gaskiyarsu ce, haka dokar ta ce, kuma shi ba zai lanƙwasa ta don kowa ba. Amma ya ce wanda ya kafa doka shi ke da ikon duba ta, saboda haka a mayar da maganar babban taro. Ya kuma aika wa amintattu cewa ginin da aka shirya farawa kafin damina zai iya makara. Amsarsu gajera ce. Suka ce aikin na mutanen unguwa ne, za su jira.

A babban taron, Hajiya ta ce mini, kowa ya ɗauka Malam zai yi shiru, ko ma ya ji daɗi. Sai ga shi ya miƙe. Ya ce, "Matar ga ba gajiya ta yi da mu ba. Tsoronmu ta ji ta gudu, kuma an kashe mata ɗan'uwa. In muka ba wani kujerarta tun ba mu ji daga bakinta ba, mun nuna mata gaskiyarta ce da ta ji tsoronmu." Wani ya ce, "Malam, ba kai ne ka ƙi ta tun farko ba?" Ya ce, "Na ƙi, aka rinjaye ni. Tunda aka rinjaye ni ta zama tamu, har da ni." Aka jefa tsakuwa, aka yarda a dakata har sai an ji ta bakina. Amma a lokacin wayar hannu ba ta zo ba, wasiƙa kuwa babu tabbas. Aka ce wa zai je. Malam ya ce shi zai je. Hajiya daga bayan ƙyaure ta ce ai namiji ba zai je wa mace da magana shi kaɗai ba, da ita za a tafi.

Mijina ne ya rako su. Ya ba ni labarin cewa daga Katsina har suka wuce Zariya, duk shingen da aka tsayar da su Malam ke leƙa kai ya yi magana. Da suka wuce Kaduna suka yi kudu sai suka canja wurin zama, mijina ya koma bakin taga, shi ke magana da yarenmu. Ya ce akwai inda aka ce Malam ya cire hularsa don a rage kallo, Malam ya ce a'a, da ita ya fito daga gida.

Ina shanya citta a bayan gida na ji hayaniya daga wajen kasuwa. Na zagayo sai na hango babura suna tahowa a hankali, samari na biye da su a ƙafa. Na gane mijina a na gaba. A na biyu na ga farar riga da hula. A na uku wata mace ce ta riƙe ɗan babur tamau da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan ƙullin kaya. Da suka sauka na ga Malam ne, rigarsa ta yi ja da ƙasar hanyarmu. Abin da ya fara zo mini shi ne za a kashe mutanen nan a ƙofar gidan ubana.

Samarin sun kewaye su. Ba sa ihu, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Wani ɗan baffana, wanda suka tashi tare da marigayi ƙanina, ya matso ya ce wa mijina da yarenmu, "Me ka kawo mana?" Malam bai ji yaren ba, amma ya gane. Bai ja da baya ba. Ya yi sallama da murya a sake, ya ce yana neman maigidan.

Mahaifina dattijon coci ne, manomi, ya yi zaman Zariya da ƙuruciya, Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Ya fito da sandarsa ya tsaya ya dube su. Malam ya rage tsawo ya gaishe shi, ya ce, "Baba, daga Katsina muke. Maƙwabtan ɗiyarka ne. Mun zo ta'aziyya, mun makara, a yi mana haƙuri. Allah ya ba ku juriya." Sannan ya ce, "Ni ma ɗan ƙanwata yana can, tireda gare shi. Har yau ba mu ga gawarsa ba."

Mahaifina ya juya ga samarin ya ce da yarenmu, "Baƙina ne. Wanda ke da magana da su ya fara yi da ni." Ya kama hannun Malam ya ja shi cikin gida. Hajiya kuwa ba ta jira kowa ba, ta ratsa ta tsakiyar samarin ta zo ta rungume ni, tana cewa, "Haka ake yi, Madam? Ki tahi ko sallama babu?" Sai a lokacin na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka kawo mini labarin ƙanina.

Aka kawo ruwa suka sha, aka nemo buta, aka share wa Malam ɗakin mahaifina ya yi salla. Can sai na ga mahaifina ya sa an jawo ɗan akuya. Ya shiga ɗaki ya fito da wuƙa, samarin da ba su watse ba suna leƙe ta kan danga. Ya juya wuƙar ya miƙa wa Malam ta wajen ƙota, ya ce, "Malam, ka yanka da hannunka, don ku ci da kwanciyar rai." Malam ya karɓa da hannu biyu. Ɗan baffan nawa da ya tare su a waje shi mahaifina ya kira ya riƙe ƙafafun akuyar. Ya zo yana ɗaure fuska, amma ya riƙe. Hajiya ta kwance ƙullinta, ga ƙuli-ƙuli, ga man gyaɗa, ga dambun nama, ta ce matan unguwa ne suka haɗa, tana kiran gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna kusa da mahaifiyata. Ba sa jin yaren juna sosai, amma a ranar na ga mahaifiyata ta kai loma baki.

Bayan an ci abinci Malam ya sa aka kira ni gaban mahaifina da mijina. Ya ba ni labarin taron a taƙaice. Ya ce, "Madam, ba mu zo mu tilasta ki ba. In kin ce kin gama da mu, za mu koma mu hwaɗa, a cike kujerar, babu wanda zai ga laihinki. Amma unguwa ta ce sai ta ji daga bakinki. Kujerarki na nan, kekenki na nan, ɗakinki babu wanda ya taɓa." Na ce, "Baba Malam, in na koma wa zai tsare mini 'ya'yana?" Ya ce, "Allah ne mai tsarewa. Amma ƙofata tana kallon taku. Abin da zai same ku sai ya fara bi ta kaina." Na dubi mahaifina. Ya ce, "Mutumin da ya bi hanyar nan don ya zo ya faɗa miki haka, ni dai ban ga abin da zan ƙara ba. Amma ke za ki zauna a can, ke za ki yanke." Na ce a ba ni kwana biyu. Suka kwana a gidanmu, da safe mahaifina da kansa ya raka su har bakin babbar hanya.

Ba kwana biyu na yi ba, na fi haka. Amma na koma, da yarana.

Washegarin komawata na rataya tef na fara zaga gidaje. Ko'ina sai an yi mini gaisuwar rashi, a zaunar da ni, a kawo fura, kafin mu kai ga maganar fili. Na shiga da tunanin duk za su ce cikin lungu, kuma gaskiya haka nake fata, don ina so in saka wa Malam. Abin da na ji daban ne. 'Yan mata masu cikin fari suka ce lungu ya fi musu sutura. Amma waɗanda suka haihu da yawa, kusan dukkansu titi suka ce. Wata ta ce mini, "Madam, awo ba shi ne abin tsoro ba. Ranar da haihuwa ta zo da gardama, ungozoma ta ce sai asibiti, wace mota za ta shigo lungun ga? Ni a tabarma aka ɗauke ni zuwa titi, maza huɗu, ana ruwa. Wace sutura ta rage mini?" Wata ta ce a ja katanga a yi ƙofa ta baya, mu shiga ta lungu, mota ta tsaya ta gaba. Na faɗa wa Hajiya. Ta ce, "To mi kike so in ce? Abin da suka hwaɗa maki shi za ki kai."

Ranar zaman kwamiti ba ta yi mini daɗi ba. Jami'in ya buɗe taro, ya yi mini barka da dawowa, ya ce saura ra'ayin wakiliyar mata. Malam na zaune a inda ya saba, yana jan carbi. Mutanensa na ta yi mini murmushi, don a ganinsu magana ta ƙare. Na faɗi abin da matan suka ce, gida gida, ban rage ba ban ƙara ba. Sannan na ɗauki tsakuwata na jefa a ƙwaryar bakin titi. Wani daga cikin mutanen Malam ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Wannan ce aka sha wuyar ɗaukowa?"

Malam ya ɗaga masa hannu. Ya tambaye ni, "Haka matan suka ce?" Na ce, "Haka suka ce, Baba Malam." Ya ce, "Har da na gidana?" Na ce, "Har da su." Ya ɗan sunkuyar da kai, kuma a karon farko tun da na san shi na ga ya yi murmushi a wurin taro. Ya juya ga mutumin ya ce, "Ban je ɗauko ta don ta bi ni ba. Na je ne don a ji bakin da aka zaɓa. An ji." Ya ce wa jami'in a ci gaba.

Sauran aikin ya bi ƙa'idar ƙungiyar. Jami'in ya je wa kansila da sharaɗi biyu: ya mallaka wa unguwa filin gaban mai unguwa da shaidu, kuma ba za a rubuta sunan kowa a jikin ginin ba, har sunan ƙungiyar. Na biyun ya yi masa nauyi, ya yi kwanaki yana ja, amma ya yarda, kuma ranar da aka fara haƙa harsashi ya zo ya ɗauki cebur kamar kowa. An ja katangar, an yi ƙofar baya. Malam ne ya riƙa tara magidanta aikin gayya bayan sallar asuba. Ginin ya makara da damina guda cur. Da tsohuwar Baturiyar ta zo aka ba ta labari, ba ta yi maganar makarar ba, ta ce kawai a kai ta ta gaida Malam da Hajiya.

Yanzu Malam ya rasu, Hajiya ma ta rasu, Allah ya ji ƙansu. Mijina ya yi ritaya amma ba mu bar Katsina ba. Ƙungiyar ta daɗe da miƙa ɗakin ga unguwa ta koma wani wuri, kwamitin kuwa yana nan, wasu ne a kai, wasunsu ma a ɗakin aka yi awon cikinsu. Ina gode wa waɗancan dattawan Turai da ban taɓa ganin yawancinsu ba, ba don ginin kaɗai ba, sai don sun yarda su jira mu. Ina gode wa jami'in da ya ƙi lanƙwasa doka domina, ya kuma ƙi bari a yi amfani da ita a binne maganata. Da ya yi ɗaya daga cikin biyun, da Malam bai samu dalilin miƙewa ba.

Abin da na koya shi ne, in an ba ka wuri a cikin mutane don ka yi magana a madadin wasu, wurin ba naka ba ne, kuma ba na wanda ya yi maka alheri ba ne, na waɗanda suka aiko ka ne. Na kuma koyi cewa mutum zai iya ƙin ra'ayinka a fili, ya kuma sa ransa a hanya don kada a hana ka faɗinsa. Kafin wannan lokacin ban san akwai irin waɗannan mutane ba. Na zauna da ɗayansu ƙofa da ƙofa shekara da shekaru, ina ɗauka ba ya sona.